Amsa: Me ya sa suke sauya tatsuniya idan za ta hau talabijin?

Ɗan'uwa, ka ce shirye-shirye irin su Once Upon a Time sun ɓata tatsuniyoyin Turawa, kana tambayar me ya hana a bar su yadda suke.

Tsawo ne matsalar farko. Labarin Snow White minti goma ya ishe shi a baka, shi kuwa shirin nan da tashar ABC ta Amurka ta fara a 2011 zango bakwai ya yi. Dole a nemo abin cikawa. Shi ya sa suka kwaso mutanen tatsuniya suka zuba a wani ƙaramin gari a jihar Maine, tsafi ya mantar da su asalinsu, aka kuma ba muguwar sarauniyar labarin Snow White dalilin muguntarta. Wannan ne ya fi burge ni, domin a tatsuniya mugu mugu ne kawai, babu mai tambayar abin da ya ƙona masa zuciya.

Sannan "yadda suke" ɗin wanne? 'Yan'uwan Grimm na Jamus, masu tattara tatsuniyoyi, da kansu sun sauya labarin Snow White. A bugunsu na 1812 mahaifiyar yarinyar ce ke neman ranta, sai a 1819 suka mayar da ita matar uba. Tatsuniyar Cinderella ma haka: takalmin gilashin da ke cikinta na Perrault ne, marubuci Bafaranshe, a 1697. A wajen Grimm na zinare ne, 'yan matan gidan har yatsa da dunduniya suka yanke don ƙafa ta shiga.

Inda na yarda da kai shi ne zangon ƙarshe. Sun cusa mutane barkatai har na daina gane wa ya haifi wa.