Amsa ga ƙanenmu mai tambaya kan koyar da kimiyya da aikin gandun daji

Wa alaikumus salam ƙanena. Barka da cin bak, jarrabawar kammala sakandare, Allah ya sa albarka. Na karanta tambayarka har sau biyu. Ka ce kana Garwa a arewacin Kamaru, ka samu bak D na ɓangaren kimiyya, ranka yana kan aikin kare daji da namun daji, amma Baba ya ce ka nemi koyarwa tunda ita ce mai albashi a ƙarshen wata, kai kuma gani kake in ka ɗauki alli ka yi sallama da daji ke nan. Ni malamin SVT ne, wato kimiyyar halittu da ƙasa, shekarata 13 a aji, kuma da irin wannan tunanin na fara. Ra'ayina shi ne ka bi maganar Baba, sai dai dalilina daban ne da nasa.

Hanyoyin dai ba su da wuyar ganewa. Makarantar horar da malamai ta Marwa, wadda aka buɗe tare da jami'ar garin a 2008, da konkur, wato jarrabawar gasar shiga, ake shigarta: mai bak ya yi shekara 3 ya fito da takardar shaidar koyarwa a sakandare ta DIPES I, mai lisans, wato digirin farko, ya yi 2 ya fito da DIPES II. Ni sai da na yi lisans a Ngaundere tukuna. Makarantar namun daji kuwa ga ta nan a bayan gidanku, tun 1970 take horar da ma'aikatan gandun daji daga ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci, ita ma da konkur. Akwai kuma ta ruwa da dazuzzuka a Mbalmayo, can kudu.

Abin da ba a faɗa maka a takardar konkur shi ne wannan aikin na mutane ne kafin ya zama na dabbobi. An fara tura ni wata lise, wato makarantar sakandare, da ke kudu da Marwa, aji ɗaya yara sun haura 100, madubin ƙara girman abu guda ɗaya tak, shi ma a kulle a ofis don kada ya lalace. Wata rana ina ta zuba bayani kan muhimmancin giwa, na cika allo da Faransanci, sai wani yaro daga can baya ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, bara giwaye sun cinye dawarmu a dare ɗaya. Wa zai biya?" Aji ya yi tsit. Wallahi ban da amsa. Giwayen gandun dajin Waza sukan gangaro kudu wajen Mindif da Kaele da damina, na san wannan a littafi, amma ban taɓa tsayawa gaban wanda rumbunsu ya kwana wayam saboda su ba. Daga ranar na daina koyar da darasin nan kamar wa'azi. Sai mu zauna mu zana hanyar da giwayen ke bi, mu tambayi tsofaffin gari ko da can nan gona ce ko burtali, yaran su dawo da abin da kakanninsu suka faɗa.

Ka duba labarin fadamar kogin Logon. Da aka gina dam ɗin Maga a 1979 don noman shinkafa, ambaliyar da ke shimfiɗuwa a fadamar kowace shekara ta ragu ƙwarai, ga fari ya biyo baya. Ciyawar kiwo ta mutu, kifi ya yi ƙaranci, makiyaya da masunta suka fara matsawa cikin gandun Waza, dabbobin gandun kuma suka fara fita neman ruwa. Sai a 1994 aka fasa wata kafa a jikin ganuwar kogin don ruwa ya koma wani sashe. Wane mai gadi da bindiga ne zai warware wannan? Magana ce ta ruwa da ciyawa, da sanin yadda za a zaunar da Bafulatani da Bamusgu da Balaraben Shuwa a inuwa ɗaya. Shi ya sa nake ce wa ɗalibaina, duk wanda ke son aikin nan ya gyara Fulatancinsa kamar yadda yake gyara Faransancinsa. Kai ɗan Garwa ne, wannan ba zai ba ka wuya ba.

Kada ka ɗauka ina raina masu kakin daji. Ina! A farkon 2012 mahaya dawaki da manyan bindigogi suka shiga gandun dajin Buba Njida suka kashe ɗaruruwan giwaye cikin 'yan makonni. Baƙin karkandan Afirka ta Yamma, wanda arewacin Kamaru ne mafakarsa ta ƙarshe, an neme shi a 2006 ba a ga ko ɗaya ba, a 2011 aka sanar ya ƙare a duniya. Ana buƙatar masu tsaro, kuma gandun dajin Zakuma na Chadi ya nuna cewa in an tsaya da gaske giwa takan sake haihuwa. Amma ka shiga da idonka biyu. Aiki ne na kwana a jeji, da tafiyar ƙasa da nauyi a baya, kuma tun da aka sace iyalin Faransawan nan kusa da Waza a 2013 baƙi masu yawon buɗe ido suka ɗauke ƙafa daga yankin. Ƙungiyoyin waje kuma da kwangila suke ɗauka, shekara 2 ko 3 kuɗin shirin ya ƙare, ka koma gida da kwalinka.

Koyarwar ma ba zuma ba ce. Na yi kusan shekara 2 ina aiki kafin albashin farko ya fito, da bashin mai shago da darasin gida na rayu. Yajin aikin malamai na 2022 ba haka kawai ya tashi ba. Ka gaya wa Baba wannan tun yanzu, kada ya sa ran buhun shinkafa a watan farko.

To me ya sa duk da haka na ce ka koyar? Saboda aji ne ya koya mini aikin dajin. Shekarata ta biyu muka dasa dalbejiya 200 kewaye da makaranta, aka yi hoto, aka tafa. Kafin watan Maris awaki da ƙishirwa sun bar mana 11. Wani dattijo mai gona a makwabtaka, wanda ya daɗe yana kallonmu muna jidar ruwa da bokiti, ya kira ni ya nuna mini gonarsa. Bai taɓa dasa ko ɗaya ba. 'Ya'yan gawo da ke tsirowa da kansu yake bari, ya rage rassa ya bar guda mai ƙarfi, ya hana yara sara. Gawo kuwa ka sani, da damina yake zubar da ganye, don haka ba ya yi wa dawa inuwa, ganyen ya zama taki, da rani kuma ya yi kore, dabbobi su samu 'ya'yansa. Saiwarsa ta riga ta yi nisa, ba ya jiran bokitin kowa. Na ji kunya, ni mai DIPES II. Muka koma muna zagaya gonakin iyayen yara muna shafa wa ƙananan gawo jan fenti, kowane ɗalibi da nasa, yana auna tsayinsu a rubuce a bayan littafi. Da waɗannan littattafan ne daga baya wani shiri ya ɗauke ni aikin hutu, domin su abin da suke nema shi ne wanda ƙauye ya sani, kuma ya iya ƙirga da rubuta rahoto.

Saboda haka ka zauna konkur ɗin Marwa, in hali ya yi ka zauna na makarantar namun dajin ma, ba a hana ka biyu ba. In ba ka ci ko ɗaya ba a bana, ka yi rajistar ilimin halittu a jami'a kada shekara ta tafi a banza. Kafin nan ka koyi aiki da taswira a kwamfuta, akwai manhajar QGIS kyauta ce, ka kuma roƙi wani ya kai ka gandun Binuwai cikin rani ka kwana ko biyu ne, ka ji yadda jikinka zai karɓi ƙudan tsando da zafin Afrilu. Tsofaffin takardun konkur na SVT suna wajena, in kana so ka yi mini magana in ɗauki hotonsu in turo maka. Ka gaida Baba da kyau.