Filina laka ce, yaya zan daɓe ta kafin gini?

Tambaya: Na sayi fili, da aka fara haƙan harsashi sai aka tarar da laka. Magini ya ce a malala mata ruwa a bar ta ta kwana biyu, za ta zauna da kanta, sai a zuba kankare. Hakan ya isa?

Amsa: Bai isa ba, kada ka yarda. Wannan dabara yashi take ɗan yi wa aiki, domin ruwa yana ratsa shi ya wuce. Laka kuwa riƙe ruwa take yi. Ta sha ta kumbura, in ta bushe ta tsuke ta daddare. Kankaren da aka zuba mata tana kumbure, ranar da ta janye sai ya rasa madogara, daga nan bango ya fara tsagewa.

A fara da kwashe ƙasar sama mai saiwoyi da shara, domin ruɓewa za su yi su bar rami. Sannan a riƙa zuba ciko kaɗan-kaɗan, kaurin santimita 15 zuwa 20, a farfasa curin, a daɓe, kafin a ƙara wani. Wanda ya jibge rabin mita lokaci ɗaya, saman kawai ya daɓe.

Inda aikin yake shi ne danshi. Busasshiyar laka ba ta dannuwa. Jiƙaƙƙiya kuma, ka taka nan ta bulluƙo can, domin ruwa ya cike gurbin da ake so a matse. Ɗebi cikin hannu ka dunƙule. In ta warwatse da ka buɗe hannu, tana son yayyafi. In ta manne a tafi tana ƙyalli, a baza ta ta sha iska. Wadda ta dunƙule ba ta jiƙa hannu ba, ka karya ta ta rabu biyu sumul, ita ake nema. Injiniyoyi suna tantance wannan danshi da wani gwajin ƙasa da ake kira Proctor, wanda ya fito a 1933, kuma galibi sukan nemi daɓen da ya kai kashi 95 cikin 100 na iyakar matsewar da gwajin ya nuna.

Injin ma a zaɓa. Mai faranti mai karkarwa na yashi da tsakuwa ne. Laka kirɓi take so, wato injin nan mai tsalle, ko rola mai ƙusoshi a babban fili. Madaɓin hannu yana yi a ƙaramin ɗaki, amma a rage kaurin ciko zuwa santimita 10.

In da rani ka ga filin yana darewa har yatsa na shiga, daɓe kaɗai ba zai yi magani ba. Kira injiniya a gwada ƙasar. Ko a kwashe ta a maye da jar ƙasa mai tsakuwa, ko a zurfafa harsashi ya wuce inda danshi ke canzawa. Bayan gini kuma a karkata ƙasa ruwan indararo ya gudu nesa da bango, kada a dasa babbar bishiya a jikinsa.