Surukata ta ce a asibiti yanka ni za a yi

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti. Cikin fari gare ni, wata bakwai. Ina zuwa awo, kullum ana ce mini lafiya lau. Burina in haihu da kaina, ba na so a yi mini aiki. Surukata ta ce in da gaske nake in zauna a ɗakina, wai asibiti da sun ga mai cikin fari sai su ɗauko wuƙa, ita tara ta haifa a kan gwiwarta. Har ta sa an jibge itacen wanka, an sayo kanwa. Maigidana ya ce duk abin da na zaɓa. Ina jin nauyinta, ina kuma jin tsoro. Yaya zan yi?
Wata mai karatu daga Funtuwa

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya raba lafiya. Kada ki ja da Hajiya a kan tara ɗin nan, gaskiya ta faɗa. Sai dai labarin waɗanda suka tsira take ba ki. Mu da muka tsufa a ɗakin haihuwa, sauran ake kawo mana, galibi da asuba, a bayan mota, an rufa musu zani.

Yawancin matan da na karɓi haihuwarsu da kansu suka haihu, babu wuƙa babu komai. Abin da kike so ɗin nan ana samunsa a asibiti. Naƙuda taki ce, nishi naki ne. Namu shi ne mu riƙa sauraren bugun zuciyar yaro duk bayan rabin awa, mu duba buɗewar bakin mahaifa duk awa huɗu, mu auna jininki ko ya hau. Ƙa'idojin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2018 sun ce a bar mai naƙuda ta zagaya, ta sha ruwa, ta zaɓi yadda za ta zauna, a bar wani nata kusa da ita, kuma a daina yi wa kowace mace ƙari sai da dalili. Ba kowane asibiti ke bin wannan sau da ƙafa ba, wasu abokan aikinmu ma bakinsu ya fi allura zafi, na sani. Shi ya sa a awo na gaba ki tambayi malamar kai tsaye: ana barin mutum ya durƙusa? Ana barin 'yar rakiya ta shiga?

Abin da ɗakinki ba shi da shi, shi ne maganin mintunan da ke biyo bayan faɗowar yaro. Da ya fito muke yi wa uwa allurar oksitosin don mahaifa ta tsuke. In ta ƙi tsukewa, ko wani yanki na mabiyiya ya maƙale, jini na iya kai mace lahira cikin awa biyu, ko da kuwa cikinta lafiya lau ya yi wata tara. Babu awon da ke nuna wa zai faɗa wa.

Shi kuwa aiki, dalilansa sanannu ne: yaro ya kwanta a gicciye, mabiyiya ta tare hanya, kan yaro ya fi ƙarfin ƙugu, ko bugun zuciyarsa ya fara sauka. Na taɓa karɓar wata yarinya da ta kwana biyu tana naƙuda a ɗaka. Daren farko ma ba wanda ya sani, kunya ta sa ta cusa bakin zani a baki, da safe har shara ta yi. Kan yaron ya daɗe yana danne mafitsara a jikin ƙashi, naman wurin ya mutu. Yaron bai zo da rai ba, bayan 'yan kwanaki fitsari ya fara bin ƙafarta. Cibiyar masu yoyon fitsari ta Babbar Ruga a jiharku take, kuma doguwar naƙuda ce ta kai akasarin matan da ke can. Don haka in ciwo ya fara ki faɗa. In faya ta fashe, ko kin ga jini, ko motsin yaro ya ragu, ko ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi da kumburin fuska, a tafi a lokacin, ko ƙarfe biyun dare ne. Na ƙarshen nan shi ke zuwa kafin jijjiga, kuma ya fi kama masu cikin fari.

Maigidanki kuma, ki gaishe shi, ki ce na ce “duk abin da kika zaɓa” zamewa ce. Uwarsa ce, shi ya kamata ya zauna da ita, ba ke ba. Ya ware kuɗi tun yanzu, ya riƙe lambar direban da zai ɗauki waya da dare, ya nemo 'yan'uwa biyu da za su ba da jini in an buƙata.

Batun wanka. Ba na cikin masu cewa a watsar da jego gaba ɗaya. Kwana arba'in ana dafa miki, ana riƙe miki yaro, kina hutawa, wannan gata ne. Inda nake tsayawa shi ne tafasasshen ruwa da kunun kanwa. Tun shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Zariya suka lura da yawan masu jego da zuciyarsu ke kasawa, suka danganta abin da kanwa da zafin da ake gasa jiki da shi. Kanwa gishiri ce, tana tara ruwa a jiki, zafi kuma yana ƙara wa zuciya aiki. A surka ruwan har gwiwar hannu ta iya zama a ciki, a sa ganyen darbejiyar in ana so. A dama miki kunun gyaɗa, a yi farfesu. In kika fara haki, ƙafa ta kumbura, ko tari in kin kwanta, ba sanyi ba ne, kada a ƙara wuta, a kai ki asibiti.

Na jariri a taƙaice. A ɗora miki shi a ƙirji da ya faɗo, ya kama nono cikin awar farko. Dakashin nan mai ruwan ɗorawa da ake matsewa a zubar, shi ne rigakafinsa na farko. Nono zalla har wata 6, ko a zafin Afrilu, ke ce za ki sha ruwan. Cibiya a shafa mata man kulohezidin da ake bayarwa a asibiti, ban da toka, ban da man goge baki. Kafin ku fito a yi masa allurar BCG ta rigakafin tarin fuka da ta ciwon hanta, a ɗiga masa na shan inna. Ranar da wanzami ya zo, aski kawai, a bar masa belinsa.

Ranar awo na gaba ki roƙi Hajiya ta raka ki, ki ce kina so ita ce za ta fara karɓar jikanta. Ki bar malamar awo ta sa mata na'ura ta ji bugun zuciyarsa da kunnenta. Kayan haihuwar ma ki ba ta jakar ta ajiye a ɗakinta.