Ɗana ya dage sai darasin zane, in hana shi?

Tambaya: Malam, ɗana yana SS1, kuma ya kafe sai ya sa darasin zane cikin waɗanda zai rubuta a WAEC. Kawunsa ya ce ajin daƙiƙai ne, wanda kimiyya ta kayar ake turawa can, ƙarshenta ya ɓige da rubuta allon shago. Hankalina ya tashi ƙwarai. In hana shi? Daga wata uwa a Kaduna.

Amsa: Hajiya, kwantar da hankalinki, kada ki hana shi. Ki dai tabbatar ya riƙe lissafi da Turanci da kyau, domin su ake fara dubawa wajen shiga jami'a.

Maganar kawunsa kuwa, wallahi na gaji da jin ta. Kusan kullum sai wani uba ya zo mini da ita, har wasu shugabannin makarantu ma haka suka ɗauka. Da an fitar da sakamakon JSS3, sai a tsince masu maki a kai kimiyya, ragowar a ce "ku je ku yi zane." Ga shi ba ɗakin aiki, ba takarda, ba fenti, wani lokacin ma malamin wani darasi ake ɗora wa ajin don a cike jadawali. Idan yaran suka faɗi sai a ce ai dama. Yaya za a hana yaro kayan aiki sannan a kira shi daƙiƙi?

Ƙaryar da ke ƙarƙashin wannan duka ita ce wai zane baiwa ce kawai, wanda ya iya ya iya. Koyo ake yi. Idan na ajiye tulu a tebur na ce ɗalibi ya zana, sai ya miƙa hannu ya auna tsawo da faɗi da fensir, ya gano inda haske ya faɗo da inda inuwa ta kwanta, ya goge ya sake, ya kuma gogewa. Awa biyu yana zaune yana kallon abu ɗaya. Yaron da ya saba da wannan, ranar da aka ce ya zana ganye ko ƙwaro a jarrabawar ilimin halittu ba ya rawar hannu. Mai zanen gine-gine, mai tsara atamfa a masaƙa, mai haɗa tambari a kwamfuta, duk da wannan idon suke cin abinci.

Kuma abin ba baƙo ba ne a wurinmu. Sashen zane na Zariya ya girmi Jami'ar Ahmadu Bello kanta, wadda aka kafa a 1962. Tun 1958 ɗalibai irin su Uche Okeke da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya suka kafa ƙungiyarsu ta masu zane a can, kuma suka sauya fasalin zane a Najeriya. Ki ciro naira ashirin ki juya bayanta: Ladi Kwali ce take ginin tukunya. Muhammadu Durugu, Babban Gwani, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya, wa zai buɗe baki ya kira shi daƙiƙi? Idan kuma zanen mai rai ne ke damun gidanku, wannan a tambayi malamai. Amma fagen da faɗi: akwai zayyana, akwai rini, akwai aikin yumɓu, akwai irin aska takwas da ake yi wa babbar riga.

Abin da nake so ki yi shi ne ki je makarantar da ƙafarki. Ki nemi ganin malamin zanen, ki tambayi abin da ya karanta, ki ce a nuna miki aikin ɗaliban bara. Idan babu abin nunawa, ki yi magana a taron iyaye da malamai. A gida kuma ki saya masa littafin zane da fensir 2B da 4B, ya riƙa sa kwanan wata a kowane shafi. Bayan wata uku ku zauna tare da kawun nasa ku buɗe shafin farko da na ƙarshe.