Kafin ka sayi littafin koyon kasuwancin intanet

Malam, ka tambaya ko ya dace ka sayi littafin koyon kasuwancin intanet kafin ka fara tallata shinkafarka daga Birnin Kebbi. Kada ka biya ko sisi sai marubucin ya nuna maka kasuwancin da shi kansa yake gudanarwa a Najeriya.

Yawancin waɗanda na duba don mutanen Amurka aka rubuta su, suna ta bayanin manhajar biyan kuɗi ta PayPal da kasuwar intanet ta Amazon, alhali abin da kake buƙata shi ne yadda za ka tabbatar kuɗi sun shiga asusunka na OPay kafin ka saki kaya, da yadda za ka ɗora buhu a motar Sakkwato ka karɓi lambar direba.