Tambaya da Amsa: Wane Tanadi Ya Dace da Gidan Mai Ƙaramin Ƙarfi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Maigidana ɗan kabu-kabu ne a cikin garin Sakkwato, ni kuma ina soya ƙuli-ƙuli ina sayar da man gyaɗa a cikin gida. 'Ya'yanmu biyar, kuma haya muke zaune. Kullum ina jin ana cewa ruwa yana raguwa, itace yana ƙarewa, ƙasar noma ta gaji, har ma wai wata rana tattalin arziki zai durƙushe gaba ɗaya. Abin da muke samu da ƙyar yake kai mu gobe. Wane irin tanadi ne irinmu za su iya yi?
Daga wata uwa a Mabera

AMSA: Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya sa albarka a cikin neman da kuke yi. Ki fara da cire tunanin cewa akwai wata rana guda da za a wayi gari komai ya tsaya, domin abin da muka gani da idonmu a shekarun nan ya nuna cewa taɓarɓarewa a hankali take shigowa, kuma ta ƙofofi dabam-dabam. A farkon 2023, lokacin sauya fasalin naira, mai kuɗi a banki ya kasa sayen mudun gero saboda babu takardar kuɗi a hannu. A ranar 29 ga Mayu na wannan shekarar aka cire tallafin man fetur, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce 1,000. Bayan juyin mulkin Nijar a watan Yulin 2023 aka rufe iyakar Illela na tsawon watanni. Duk wanda ya tsallake waɗannan ya riga ya san kamannin abin da kike tsoro, saboda haka tanadin da ya kamata ki sa a gaba shi ne na watannin da ke tsakanin bazara da fitowar sabon gero, waɗanda suke dawowa kowace shekara.

Babbar shawarata ita ce kada ajiyarki ta zama ta kuɗi. A ƙarshen 2024 hauhawar farashi a Nijeriya ta haura kashi 34 cikin ɗari, ma'ana naira dubu goma da aka ɓoye shekara guda ba ta sayen abin da ya wuce na dubu bakwai da ɗari biyar a da. Hatsi kuwa yakan yi sauƙi da kaka, daga Oktoba zuwa Disamba, sannan ya tsefe idan damina ta kankama. Idan kina adashe, ki roƙi uwar adashe ta sa kwasarki ta faɗo daidai da kaka, ki zuba kuɗin a gero da dawa da wake, ko da rabin buhu ne. Idan ba ki yi, ki riƙa ɗebe ɗan kwano guda daga awon kowane mako kina zubawa gefe. Ki bar 'yan kuɗi kaɗan a hannu kawai saboda rana irin ta 2023.

Ajiyar ma tana da nata ilimi. Shawarar da Annabi Yusuf (AS) ya bai wa mutanen Masar a aya ta 47 ta surarsa ita ce su bar abin da suka girbe a cikin zangarniyarsa, kuma haka kakanninmu suke jera damman gero a rumbu su shekara ba su lalace ba. Wanda ke haya ba shi da rumbu, amma yana da jarka. Ki shanya wake ya bushe ƙarau, ki cika tsabtatacciyar jarka har baki, ki toshe ta yadda iska ba za ta shiga ba, ƙwarin da ke ciki za su mutu da kansu. Buhunan nan masu leda biyu a ciki ma haka suke aiki. Ina roƙonki kada ki yarda da masu cewa a barbaɗa maganin ƙwarin gona a kan abincin da yara za su ci. Kayan miya kuwa, lokacin da tumatur da kuɓewa suka cika kasuwa ki yanka ki shanya, ki haɗa da kuka da daddawa.

Maganar ruwa ba jita-jita ba ce. A 2018 madatsar ruwa ta Goronyo, wadda garin nan ya dogara da ita, ta ja baya ƙwarai har famfuna suka ƙafe a unguwanni da yawa, 'yan ga-ruwa suka ƙara kuɗi. Randa biyu masu murfi da moɗa ta musamman sun fi jarkoki goma da ake tsoma hannu a ciki, kuma da damina, lokacin da amai da gudawa ke yaɗuwa, a tafasa ruwan shan yara. Wajen itace, murhun da aka kewaye da laka yana riƙe zafi fiye da duwatsu uku a fili, jiƙa wake tun dare kuma yana rage lokacin dahuwa.

Inda na fi jin tsoro a gidanku shi ne sana'ar maigida, domin duk ranar da fetur ya tashi ita ce ta farko da za ta ji jiki, fasinja kuma ya gwammace ya taka da ƙafa. Ki ba shi shawara cikin ladabi ya haɗa da wata hanyar da ba ta rataya a kan man fetur kaɗai ba, kamar koyon gyaran babur, ko neman ɗan fili a fadamar Kwalkwalawa don noman rani, ko shiga harkar albasa a lokacinta. Babur ɗin shi ne jarin gidan, saboda haka kada a sayar da shi don biki ko suna, kada kuma a ci bashin da ke da ruwa, musamman irin wanda ake tallarsa ta waya, wanda bayan haramcinsa yake cinye ribar wata guda cikin mako.

Idan mai gidan da kuke haya ya amince, jar akuyar Sakkwato guda ɗaya ajiya ce mai haihuwa, cikinta wata biyar ne, kuma dusa da ɓawon gyaɗar da kike zubarwa za su rage miki kuɗin harawa. A yi mata allurar rigakafi. Ba na ba ki shawarar kai ta kiwo ƙauyukan gabashin jihar a halin tsaron da ake ciki. Yara ma a cika musu allurarsu a asibitin unguwa kuma su kwana cikin gidan sauro, domin jinya guda tana iya kwashe tanadin shekara.

Ki kuma riƙe maƙwabta da dangi da kyau, ku haɗa kuɗi ku uku ko huɗu ku sayi buhu ku raba, wanda ya fi sayen mudu-mudu sauƙi. Idan al'amari ya yi tsanani, jihar nan tana da Hukumar Zakka da Wakafi, kuma mai unguwarku ko limamin masallacinku zai iya nuna muku yadda ake gabatar da buƙata a wurinta.