Famfo ya lalace, kwalbati ya karye: aikin gari ne ko na ƙaramar hukuma?

Tambaya:

Assalamu alaikum, Malam. Ina rubutowa ne daga wani ƙauye a Jihar Jigawa. Famfon tuka-tuka uku gare mu, biyu sun daina ba da ruwa. Kwalbatin da ke kan hanyarmu ta zuwa kasuwa kuma ruwa ya cinye gefensa a daminar bara, yanzu ko amalanke ba ta iya hawa da kaya. Mun yi wa kansilanmu magana, ya ce shi ba a ba shi ko sisi ba. Dagaci ya ce a yi karo-karo, samari suka ce ba za su ba da komai ba tunda kotu ta ce a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Gari ya rabu biyu. Don Allah, alhakin wa ne gyaran nan, kuma ta ina za mu ɓullo wa lamarin?

Amsa:

Wa'alaikumus salam. Allah ya daidaita tsakaninku. Dagaci yana da gaskiya, samarin ma suna da tasu, sai dai kun haɗa abu biyu da ba ɗaya ba ne. Famfon naku ne ku riƙe. Kwalbatin na ƙaramar hukuma ne, kuma haƙƙinku ne ku neme shi a hannunta ba tare da jin nauyi ba.

Bari in fara da abin da doka ta ce, don samarin su san inda suke da hujja. Kundin tsarin mulki na 1999, a jadawalinsa na huɗu, ya lissafa ayyukan ƙaramar hukuma: ginawa da kula da hanyoyi da magudanan ruwa, kasuwanni, tashoshin mota, mayanka, maƙabartu, banɗakunan jama'a, kwashe shara, rajistar haihuwa da mutuwa da aure, sannan sa hannu a harkar firamare da lafiya da noma. Hanyar ƙauye da kwalbatin da ke kanta suna cikin wannan jerin ƙarara. Kuɗi ma akwai inda suke fitowa. Ƙananan hukumomi 774 na ƙasar nan suna da kashi 20.6 cikin ɗari na abin da ake rabawa daga asusun tarayya kowane wata, 27 daga cikinsu a Jigawa suke, 44 a Kano. Ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke cewa a riƙa tura kason nan kai tsaye, a daina riƙe shi a asusun haɗin gwiwa na jiha, ta kuma ce naɗa kantomomi a madadin zaɓaɓɓu ya saɓa wa doka. A watan Oktoba na shekarar Jigawa da Kano duka suka yi zaɓen ƙananan hukumomi.

To amma hukunci daban, aiwatarwa daban, kuma aiwatar da wannan ya yi ta jan ƙafa. Ko da kuɗin sun iso cif, albashin malaman firamare da na ma'aikatan lafiya da fansho da kason masarauta su ke fara cin rabonsu. Abin da ƙaramar hukumar karkara ke tarawa da kanta, kuɗin rumfa da na kara da na tasha, bai taka kara ya karya ba. Tun da gwamnatin Abubakar Rimi ta soke haraji da jangali a 1979, lokacin Jigawa tana cikin Kano, talaka ya huta da wani zalunci na gaske, amma daga nan ƙaramar hukuma ta koma kallon sama kawai. Ban faɗi wannan don in wanke kowa ba. Na faɗa ne don kada mata da yara su shekara suna sammakon ɗibar ruwa ana jiran abin da ba a san ranar zuwansa ba.

Kansilanku kuma mai yiwuwa gaskiya ya gaya muku. Kansilan mazaɓa ɗan majalisa ne: yana zama a amince da kasafin kuɗi, a yi ƙananan dokoki, a bi diddigin ɓangaren zartarwa. Ba shi ke riƙe da lalitar ba. Kuɗi yana hannun ciyaman da ma'aji da daraktan ma'aikata, aiki yana hannun shugabannin sassa da kansilolin gafaka, babban aiki kuma yawanci sai ya bi ta ma'aikatar ƙananan hukumomi ta jiha. Don haka kada ku tambaye shi kuɗi. Ku tambaye shi ko ya gabatar da maganarku a zaman majalisa, da kuma ko sunan garinku ya shiga kasafi. Wannan kam aikinsa ne, ba shi da uzuri a kansa.

Yanzu famfo. A shekarun da na yi a sashen ci gaban al'umma, abin da ya fi ba ni takaici shi ne yawan famfunan da aka yi watsi da su alhali rijiyar lafiyarta ƙalau. Haƙa rijiyar burtsatse shi ne mai tsada, kuma an riga an yi muku. Abin da ke lalacewa yawanci roba ce, ko sarƙa, ko bawul, ko rodi ya kwance. Kafin ku kira kowa, ku je ku tuƙa famfon ku lura. In hannun ya yi sakayau babu nauyi ko kaɗan, rodi ya rabu ko sarƙa ta tsinke. In da safe sai an daɗe ana tuƙi kafin ruwa ya hau, bawul ɗin ƙasa ko bututu na yoyo. In ana tuƙi sosai ruwa na fitowa kaɗan-kaɗan, robobin cikin silinda sun cinye. In hannun na girgiɗi hagu da dama, boris ne. Ruwa ja mai ɗanɗanon ƙarfe kuwa alamar bututu ya yi tsatsa.

Ku duba kuma wane iri ne. Nau'in Afridev an ƙera shi ne don mutanen gari su iya zaro rodi da roba da kansu ba tare da an fito da bututun ba. Samari biyu da aka koya wa za su iya wannan a wuni guda. India Mark II kuwa sai an ɗago bututun ƙarfen gaba ɗaya, yana son makaniki da kayan aiki, kuma a nan ne ake yin asara: in bututu ya suɓuce ya faɗa cikin rijiya, gyaran kwana ɗaya ya zama babban aiki. Kada ku bar wanda bai iya ba ya gwada. Sashen ruwa da tsafta na ƙaramar hukuma ya san makanikan da aka horar a yankinku, hukumar ruwa da tsaftar karkara ta jiha, wato RUWASA, ma haka. Su ne kuma za ku nufa da babbar matsala, kamar rijiya ta ƙafe, ko ta rufta, ko tana jawo yashi. Wannan ta fi ƙarfin karo-karo.

Tsarin da ake bi a aikin ruwan karkara shi ne hukuma ta haƙa, gari ya riƙe. Shi ya sa ake kafa kwamitin ruwa da tsafta a duk inda aka miƙa famfo. Na tabbata an taɓa kafa muku, ya watse ne. Ku tayar da shi, amma a gyara abin da ke kashe irinsa, wato kuɗi a aljihun mutum ɗaya. A yi mai karɓa daban, mai ajiya daban, mai rubutu daban. A sa mata a ciki da gaske, don su ne ke fara sanin famfo ya canja kafin ya tsaya. A karanta abin da ya shigo da abin da ya fita a ƙofar dagaci, kowa na ji. Yawancin masu cewa ba za su bayar ba, ba rowa ce ke hana su ba, sun taɓa bayarwa ne ba su ga inda kuɗin ya shiga ba. Kuma kada a jira famfo ya lalace sannan a bi gida-gida. A ɗora wa kowane gida tiya ɗaya ta gero ko ta dawa da kaka, lokacin da bayarwa ba ta da ciwo, a sayar idan hatsi ya yi daraja, a sayi robobi da giris a ajiye.

Akwai dalilin da ya sa nake cewa ku gaggauta. Masu aikin ruwa kan lissafa famfo ɗaya ga mutum kusan 250. Yanzu duk garin ya koma kan guda ɗaya, daga asuba har dare, shi ma ba zai daɗe ba. A sa wa sarƙa giris, a ɗaure notuna, a liƙe tsagewar daɓen siminti don kada ruwan datti ya koma ciki, a yi wa dabbobi kwami can gefe, kada kuma a haƙa masai ƙasa da mita 30 daga rijiyar. Jigawa ce jiha ta farko da aka ayyana ta daina bahaya a fili, a 2022, masai ya yawaita a gidaje, abin farin ciki ne, amma sai an kula da inda ake haƙa shi.

Kwalbati kuwa, a nan nake tare da samarin. Kada gari ya tara kuɗi ya kira birkila ya jera zobba ya rufe da ƙasa. Na ga an yi haka a wurare, damina ɗaya ta kwashe. Kwalbati yana karyewa ne don bakinsa ya yi wa ruwan wurin kaɗan, ko ba a yi masa katangar baki da fukafukai ba, ko ba a danne ƙasar da ke kansa ba, sai ruwa ya bi ta gefe ya rarake. Sanin ko zobe ya isa ko sai an zuba mai kusurwa huɗu, aikin injiniyan sashen ayyuka ne, shi zai auna ya fitar da ƙiyasi. Ƙasarku ta Jigawa rairayi ce, ba ta da riƙo, a kwarin Haɗeja kuma ga ambaliya, wadda aka gani a 2022 ta ishi kowa shaida.

Yadda ake nema shi ne abin da mutanenmu suka fi yin sake da shi. Ana tare ciyaman a wurin ɗaurin aure ko jana'iza a gaya masa, ya ce in sha Allahu, magana ta bi iska. Ofis takarda ya sani. Ku rubuta wasiƙa zuwa ga shugaban ƙaramar hukuma ta hannun kansila, dagaci ya sa hannu da hatimi, masu unguwanni da liman da shugaban matasa da wakiliyar mata su sa nasu. A kai kwafi ga hakimi da shugaban sashen ayyuka. A cikinta a faɗi wurin, da ƙauyukan da ke bin hanyar, da ranar kasuwa, da ko ita ce hanyar asibiti ko makaranta, a haɗa da hoto. A faɗi abin da gari zai bayar: yashi, ruwa, leburanci, gadin kaya. Wannan layin yana da tasiri ƙwarai, don aikin da jama'a suka ɗauki wani ɓangarensa ya fi saurin samun shiga. Buƙata ɗaya tak za ku rubuta. Wasiƙar da ta jero kwalbati da asibiti da taransifoma da aji uku, ajiye ta ake yi. Idan kun miƙa, a buga muku hatimin karɓa da kwanan wata a kan kwafinku, ku dawo da shi gida.

Lokaci ma yana da muhimmanci. Shekarar kasafi daga Janairu take zuwa Disamba, kuma a watannin ƙarshen shekara ake tsara na baɗi. Wasiƙar da ta isa tun ana cikin damina, wajen Agusta ko Satumba, tana da damar shiga. Wadda ta zo bayan an amince da kasafi, sai dai ta jira. Abin da za ku nace a kai shi ne a rubuta sunan garinku, don layin da ya ce "gina kwalbatoci a faɗin ƙaramar hukuma" ba na kowa ba ne. Ga samarin aiki a nan: maimakon ƙin karo-karo, su riƙa duba abin da ƙaramar hukumarku ta samu kowane wata, ana wallafa shi a intanet daga ofishin babban akanta na ƙasa da hukumar ƙididdiga. Wanda ya shiga ofis da adadi a hannu, cikin ladabi, ana sauraronsa dabam. Su guji zagi a Facebook kafin a bi wannan hanyar, yana rufe ƙofa ne, yana kuma mai da maganar ruwa da hanya rigimar jam'iyya. Tawagar da za ta kai wasiƙar ta haɗa kowane ɓangare.

Kafin hukuma ta zo, akwai abin da gayya za ta yi. Kafin ruwan farko, wajen Afrilu zuwa Mayu, a yashe bakin kwalbatin gaba da baya, a fitar da yashi da kara da leda. A jera buhunan ƙasa inda ya zaizaye, a dasa jema ko gamba a gefen don saiwarsu ta riƙe ƙasa, a hana masu ɗibar ƙasar gini haƙa kusa da shi, a kafa alama saboda masu babur da dare. Bayan kowane babban ruwa mai unguwar da ke kusa ya tura a duba.

Idan kasafi ya fito babu sunanku, ku ɗauki kwafin nan mai hatimi ku kai wa ɗan majalisar jiha na yankinku da ma'aikatar ƙananan hukumomi a Dutse, ku roƙi hakimi ya tayar da maganar a zamansa da ciyaman, sannan ku sake miƙa sabuwar wasiƙa da ta ambaci kwanan watan ta farko.